Ganin Wata da Lissafin Falaki: Yadda Sama Ɗaya Take Haifar da Sallah Biyu

A yammacin Litinin, 8 ga Afrilu 2024, wadda ta zo daidai da 29 ga Ramadan 1445, aka fita duban watan Shawwal kamar yadda aka saba. Fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ta ce ba a samu labarin ganin wata ba, saboda haka za a cika azumi 30, Sallah sai Laraba. Saudiyya ma abin da ta sanar ke nan. Jamhuriyar Nijar kuwa ta ce an gani, aka wayi gari Talata ana Idi a Yamai da Maraɗi da Damagaram, har wasu mutane a cikin Sakkwato suka bi sanarwar maƙwabta suka sha ruwa. A wannan maraicen dai, miliyoyin mutane a Meziko da Amurka da Kanada suna tsaye a fili da tabarau na musamman, suna kallon wata ya shiga gaban rana ya rufe ta ruf.

Masana falaki suka ce kusufin nan kaɗai ya isa hujja cewa babu jinjirin da za a iya gani a Afirka ta Yamma a daren. Waɗanda suka yi Sallah ranar Talata suka ce amintattun mutane sun shaida sun gani, kuma shari'a da shaida take aiki. Mai sauraro ya rasa na kamawa. Yawancin ruɗanin daga cakuɗa tambayoyin da ba ɗaya ba yake tasowa: ko an haifi watan, ko ido zai iya riskarsa, da kuma wanda ke da hurumin yanke hukunci. Lissafi yana amsa ta farko daidai wa daida, yana amsa ta biyu gwargwado, ta ukun kuwa ba fagensa ba ne.

## Abin da ke faruwa a sama a ƙarshen wata

Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana ne ke dukansa ya dawo mana. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana yana da haske, ɗaya rabin yana cikin duhu. Yayin da yake zagaya duniya a nisan kimanin kilomita 384,400, abin da ke sauyawa shi ne yawan ɓangaren mai hasken da ke kallonmu. A daren sha huɗu duniya ce a tsakiya, shi ya sa muke ganinsa cikakke. A ƙarshen wata kuwa shi ne ke shiga tsakanin duniya da rana, ɓangaren da ke kallonmu ba ya samun haske, yana fitowa tare da rana yana faɗuwa tare da ita. Shi ya sa yake ɓacewa kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci uku.

Lokacin da wata ya zo saitin rana shi ake kira haɗuwa ko haihuwar wata, masana falaki na Larabci kuma suna ce masa iƙtirani. Lokaci ɗaya ne ga duniya baki ɗaya, agogon ƙasashe ne kawai ke bambanta. Yana iya faɗawa da tsakar dare, ko da hantsi, ko bayan magariba. Daga haɗuwa zuwa haɗuwa, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Tun da ba a rabin kwana a kalanda, sai wata ya zama 29 ko 30, shekara kuma kwana 354 ko 355, wato ta gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Ba dole ba ne kuma mai 29 ya bi mai 30 bi da bi. Hanyar da wata yake bi ba cikakkiyar da'ira ba ce, yana ƙara sauri idan ya kusanto duniya, yana ragewa idan ya yi nisa, don haka ana iya samun watanni biyu ko uku a jere masu kwana 30.

Da a ce hanyar wata da ta rana a layi ɗaya suke, da kowane ƙarshen wata sai an yi kusufin rana. Amma hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5, saboda haka yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasan rana ba tare da ya tare ta ba. Ranar da saitin ya yi daidai ce ake ganin kusufi. Ke nan kusufin rana shi ne haɗuwar nan ƙuru-ƙuru. Mutanen Gusau da Katsina da Damagaram da suka ga gari ya yi duhu da hantsi ranar 29 ga Maris 2006 sun shaida haka da idonsu, kuma an buga lokacin da garuruwan da inuwar za ta ratsa shekaru kafin ranar.

Wannan lissafin ne ya ba da lokacin haɗuwar 8 ga Afrilu 2024: ƙarfe 7:21 na dare agogon Najeriya da Nijar. Kafin wannan lokaci rana ta riga ta faɗi a Kano da Sakkwato da Yamai. A lokacin da masu duba suke tsaye suna kallon yamma ba a kai ga haihuwar watan ba, har ma ya riga rana faɗuwa da 'yan mintuna.

## Haihuwa daban, ganuwa daban

Wasu sukan ɗauka da zarar an haifi wata shi ke nan, sai a gan shi da magariba. Ba haka ba ne. Bayan haɗuwa, wata yana janyewa daga rana zuwa gabas da kimanin rabin digiri a kowace awa, kusan digiri 12 a kwana guda. Wanda yake son ya gane girman digiri, ya miƙe hannunsa sosai zuwa sama: faɗin ƙaramin yatsa kusan digiri 1 ne, dunƙulen hannu kusan digiri 10. Jinjirin daren farko yawanci tazarar dunƙule ɗaya ce ko fiye kaɗan tsakaninsa da inda rana ta faɗi, a daidai wurin da jan hasken magariba ya fi ƙarfi, kuma ƙura da hayaƙi suka fi kauri. Nemansa a wurin kamar neman hasken aci-balbal ne a gefen fitilar babbar mota.

Abubuwan da ke sa a gan shi ko a kasa sun haɗa da tazararsa da rana, domin ita ke ƙayyade kaurin zaren hasken, sai tsayinsa daga ƙasa lokacin da rana ta faɗi, da mintunan da zai yi a sama kafin shi ma ya faɗi. Idan ya bi bayan rana da minti 15 kacal, kafin sama ta yi duhun da zai bayyana ya riga ya tafi. A shekarun 1930 wani masanin falaki ɗan Faransa, André Danjon, ya lura cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, zaren hasken yakan tsinke har ya zama babu abin da ido zai kama. Binciken baya-bayan nan da na'urar hangen nesa ya rage wannan iyaka kaɗan, zuwa kusan digiri 6 da rabi, amma bai rushe ta ba.

Akwai masu farautar jinjirin wata a ƙasashe da dama, suna hawa duwatsu da kayan aiki, suna rubuta abin da suka gani. A cikin abin da aka tantance, ƙaramin jinjirin da aka taɓa gani da ido zalla yana da kimanin awa 15 da rabi da haihuwa, a 1990. Da na'ura kuwa an gan shi yana ƙasa kaɗan da awa 12, a Iran a 2002. Waɗannan gwanaye ne da suka san daidai inda za su kalla, a sama tangaran. Mutum gama-gari yawanci sai watan ya doshi kwana guda da haihuwa yake ganinsa ba wahala.

Kamara ta zo ta ƙara dagula maganar. A watan Yulin 2013 wani mai ɗaukar hoton taurari a Faransa, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin wata da safe rana tana sama, a daidai lokacin haɗuwa, da na'urar da ke kama hasken da idon ɗan Adam ba ya gani. Hoton gaskiya ne, amma ba wanda zai ɗaga kai ya ga abin da ke cikinsa. Saboda haka hoton jinjiri da ke yawo a WhatsApp daren duba, ko da ba tsohon hoto ba ne, bai nuna cewa ido ya gani ba, kuma malamai ba su haɗu a kan cewa irin wannan ya zama gani na shari'a ba.

Ƙoƙarin gano daren da wata zai ganu tun kafin ya zo daɗaɗɗe ne. Mutanen Babila sun yi, malaman falaki Musulmi irin su Khawarizmi da Battani sun tsara ƙa'idoji a kai. A wannan zamani an fi amfani da ma'aunin Bernard Yallop na Ingila na 1997, da na Muhammad Odeh, wanda ya kafa ƙungiyar masu duban jinjirin wata ta ƙasashen Musulmi a 1998. Taswirori masu launi-launi da ake yaɗawa kafin azumi daga waɗannan ma'aunai ake fitar da su. Suna raba duniya yanki-yanki: inda ganin ba zai yiwu ba sam domin wata ya riga rana faɗuwa, inda yana sama amma ko na'ura ba za ta kama shi ba, inda sai da na'ura, inda ido zai iya idan sama ta yi kyau, da inda kowa zai gani. A yankunan tsakiya lissafi hasashe yake bayarwa, domin bai san hazon da zai taso ba, bai san kaifin idon mai duba ba. A yankin farko kuwa babu saɓani tsakanin masana falaki, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba.

## Gabas da yamma

Rana tana faɗuwa a Kano kimanin awa 2 bayan ta faɗi a Makka. A cikin awa biyun nan wata ya ƙara kusan digiri 1 a tazararsa da rana. Ke nan duk yadda aka ƙara yin yamma, ganin yana ƙara sauƙi. Idan da gaske an ga wata da ido a Saudiyya, kamata ya yi a gan shi a Najeriya da Nijar da Ghana da Senegal cikin sauƙi, muddin sama ta washe. Amma ana iya ganinsa a Sakkwato alhali ba a gan shi a Makka ko Jakarta ba, kuma babu wanda ya yi kuskure.

Wannan bayanin yana warware saɓani tsakanin Indonesiya da Maroko. Ba ya warware saɓani tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, waɗanda iyaka ce kawai ta raba su, ko tsakanin Jibiya da Maraɗi. Samansu ɗaya ce, magaribarsu ɗaya. Idan aka yi Sallah a ranaku biyu a waɗannan garuruwa, ba falaki ne ya raba su ba, hukumomi biyu ne suka karɓi shaida ta hanyoyi biyu.

## Inda malamai suka tsaya

Tushen hukuncin shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mai umarni da a yi azumi don ganin wata, a sha ruwa don ganinsa, idan kuma ya ɓoyu a cika kwana 30. Mafi yawan malamai, na da da na yanzu, a kan zahirin wannan suka tsaya. Hujjarsu ita ce shari'a ta rataya ibada a kan abin da makiyayi a ruga da malami a birni duk za su iya, kuma Manzon Allah (SAW) ya karɓi shaidar mutum ɗaya a kan watan Ramadan ba tare da ya nemi lissafi ba. Suna kuma kawo hadisin da ya siffanta al'ummar da cewa ba ta rubutu ba ta lissafi, wata ko 29 ne ko 30. Akwai kuma tarihi a bayan ƙyamar lissafin. A zamanin da, mai lissafin tafiyar taurari da mai duba da taurari sau da yawa mutum ɗaya ne, malamai kuwa ba su yarda a jingina ibada ga boka ba.

Ɓangare na biyu suna cewa gani hanya ce ta samun tabbas, ba shi ne abin bauta ba. Idan aka samu hanyar da ta fi shi tabbas sai a bi ta, kamar yadda ake kiran sallah da agogo ba tare da an fita auna inuwa ba. Suna kafa hujja da ayoyin da suka ce rana da wata bisa lissafi suke tafiya, kuma suna fahimtar hadisin rashin lissafi a matsayin bayanin halin da ake ciki a lokacin. Malamin hadisin nan na Masar, Ahmad Shakir, ya rubuta goyon bayan wannan ra'ayi a 1939. Masu raddi suna cewa lokacin sallah an rataya shi ne a kan shigar lokacin, azumi kuwa an rataya shi a kan gani ƙarara, don haka kwatancen bai yi ba.

Akwai matsaya ta uku a tsakiya, wadda ake jingina wa Taƙiyyuddin Subki, malamin Shafi'iyya na ƙarni na 8 na Hijira. Ita ce: da gani ake tabbatar da wata, amma idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, sai a mayar da shaidar, domin sharaɗin karɓar shaida shi ne abin da aka shaida ya zama mai yiwuwa. A nan lissafi ba ya tsayar da wata, yana kore shi ne kawai.

Fiƙihun kansa bai ɗauki kowace shaida ido rufe ba. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar mafi yawan mutanen ƙasar Hausa, tana neman adalai biyu ko taron jama'ar da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. A cikin Muhtasar na Halil an ce idan aka fara wata da shaidar mutum biyu, aka ƙirga 30 sama tana garau ba a ga sabon jinjiri ba, to an ƙaryata su. Hanafiyya sun ce idan sama ta washe sai jama'a mai yawa, domin abin tuhuma ne dubban mutane su duba, biyu kaɗai su gani.

Sai batun nisan garuruwa. Hadisin Kuraib a cikin Sahihu Muslim ya nuna an ga wata a Sham daren Juma'a, a Madina daren Asabar, Ibn Abbas kuma ya ce su da ganinsu za su yi aiki. Shafi'iyya suka ɗauki wannan, suka ce kowane yanki da mafitarsa, wato kowa da ganin yankinsa zai yi aiki. Mafi yawan sauran suka ce ganin wuri ɗaya ya wajaba a kan kowa idan labarin ya tabbata, sai dai malaman Malikiyya irin su Ibn Abdil Barr sun cire ƙasashen da suka yi nisa ƙwarai, kamar Andalus da Khurasan. Masu bin Saudiyya kai tsaye, da masu cewa ganin Nijar ya wadatar wa Sakkwato, da masu cewa sai sanarwar Sarkin Musulmi, kowannensu daga wannan tsohon saɓani yake ɗebo hujjarsa. Na ƙarshen suna ƙarawa da hadisin Tirmizi mai cewa azumi ranar da jama'a suke azumi ne, shan ruwa ranar da suke shan ruwa, da ƙa'idar cewa hukuncin shugaba yana ɗauke saɓani.

## Yadda ƙasashe suke yi

Saudiyya tana da kalandar Ummul Ƙura don harkokin mulki. Tun 1423 Hijiriyya ƙa'idarta ita ce: idan a ranar 29 an haifi wata kafin faɗuwar rana a Makka, kuma ya faɗi bayan rana ko da da minti ɗaya ne, gobe ɗaya ga wata. Wannan ƙa'idar ba ta neman ganin ya yiwu. Azumi da Sallah da Hajji kuwa Kotun Ƙoli ce ke sanar da su bisa shaidar masu duba, waɗanda suka fi shahara a garuruwan Sudair da Tumair. Sukar da masana falaki suka daɗe suna yi ita ce sanarwar takan dace da kalandar har a dararen da babu wani a gabashin duniya da ya kama watan da na'ura. Hukumomin ƙasar suna amsawa cewa shaidunsu ƙwararru ne, kuma kotu tana tantance su.

Maroko ta tsaya a kan ido zalla, da jami'ai a wurare masu yawa a faɗin ƙasar, kuma sanarwarta takan dace da taswirar masana. Turkiyya lissafi take bi, da sharaɗin tazarar digiri 8 da tsayin digiri 5, wanda aka amince da shi a taron Istanbul na 1978. Malesiya da Indonesiya da Brunei da Singafo sun haɗa gani da lissafi. Sabon ma'auninsu shi ne tsayin digiri 3 da tazarar digiri 6.4, shaidar da ta zo ƙasa da haka ba a karɓarta. Duk da haka a cikin Indonesiya ƙungiyar Muhammadiyya tana da nata lissafin, shi ya sa a 2023 ta yi Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu, gwamnati ta yi Asabar.

A Najeriya, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III ne ke sanarwa, a matsayinsa na shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Wanda ya ga wata yana kai labari ga dagaci ko hakimi, a miƙa wa sarkin yanka, a isar wa fada, inda kwamitin duban wata na ƙasa da kwamitin fada mai ba da shawara kan harkokin addini suke tantancewa. A Nijar majalisar Musulunci ta ƙasa ce ke tattara rahotanni daga jihohi, a Ghana kuma ofishin Babban Limamin ƙasa da kwamitinsa na duban wata.

Bai kamata a ɗauka matsalar ta ƙasa ɗaya ce ba. Ranar Asabar 29 ga Maris 2025 an yi kusufin rana na wani ɓangare, haɗuwa ta auku gab da ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya. Da magariba watan bai kai awa 5 da haihuwa ba a Makka, a Najeriya kuma kimanin awa 7. Saudiyya da Najeriya suka sanar da Sallah ranar Lahadi bisa shaidun da suka karɓa. Masar da Jodan da Oman da Maroko da Indonesiya suka yi Litinin. A ma'aunin Danjon, watan wannan maraice yana can ƙasa da iyaka.

## Yadda mai gaskiya yake ganin abin da babu

Cewa ganin ba zai yiwu ba, ba daidai yake da cewa mai shaida maƙaryaci ne ba. A ƙarshen shekarun 1980 wasu masana biyu a Amurka, LeRoy Doggett da Bradley Schaefer, sun shirya duban wata na gama-gari, suka tattara rahoton jama'a masu yawa. Sun gano cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu duba sukan ce sun gani a inda ba zai ganu ba, kuma waɗannan ba su da azumi ko Sallah da suke jira. Siririn gajimare da rana ta haska daga ƙasa, farin layin hayaƙin jirgin sama, ko Zara idan ta sauko kusa da mafaɗar rana, duk suna iya rikiɗa su zama jinjiri ga idon da ya ƙura wa wuri ɗaya kallo yana sa rai. Idan mutum dubu suka fita a faɗin ƙasa, samun biyu da za su rantse da zuciya ɗaya ba abu ne mai wuya ba. Ƙaruwar masu duba da saurin waya sun sa rahoton kuskure ya fi saurin isa ga hukuma fiye da zamanin da sai ɗan aike ya hau doki.

Shi ya sa tambayoyin tantancewa suke da amfani. Da ƙarfe nawa ka gan shi, kafin kiran sallah ko bayansa? Yana dama ko hagu da inda rana ta faɗi? Ina ƙahonninsa suka fuskanta? Minti nawa ya yi kafin ya ɓace? Wa ka nuna wa ya gani tare da kai? Gefen jinjirin gaskiya da ya kumburo waje yana kallon inda rana ta nutse ne, kuma lissafi ya riga ya san gefen da zai tsaya da mintin da zai faɗi.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Idan aka cika 30 sannan jinjiri ya fito da kauri ya daɗe a sama, sai a ji ana cewa wannan ai na kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya. Watan da yake da awa 13 jiya, bai ganu ba, yau yana da awa 37, dole ya fito da girma. Tun zamanin sahabbai an yi wannan gardama: wasu matafiya suka ga wata, wani ya ce na kwana uku ne, wani ya ce na biyu ne, Ibn Abbas ya ce musu na daren da suka gan shi ne.

## Abin da ya shafi jama'a

Saɓanin kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mai azumi, domin azumtar ranar Idi haramun ne, shan ruwa a ranar Ramadan kuma babban al'amari ne. Idan gida ɗaya ya rabu, maigida yana bin malaminsa, 'ya'ya suna bin sanarwar fada, uwargida ce ke dafa tuwon Sallah tana azumi. Kuskure a farkon wata yana biyo mutane har ƙarshensa. Idan aka fara da wuri, ranar 30 za ta zo ba jinjiri a sama. Idan aka makara, azumi zai iya tsayawa a 28 sai an rama ɗaya, kamar yadda ya faru a Saudiyya a 1404 Hijiriyya. Ƙirgar dararen goman ƙarshe, shiga i'itikafi da fitar da zakkar kono duk a kan wannan sanarwa suke. A watan Zulhijja kuma sai tambayar azumin Arfa ta taso, ranar da alhazai suke tsaye ko ranar 9 ta garin mutum, tare da ranar yanka layya.

Ta fuskar sana'a, tela da mai kitso da mahauci da direban tasha ba su san ko kwana ɗaya ya rage musu ko biyu ba sai bayan isha'i. Masarautu masu hawan Sallah sukan shirya dawaki da baƙi a kan ranaku biyu. Gwamnatin Tarayya takan ba da hutu kafin a ga wata, kuma a Afrilun 2024 ta ba da Talata da Laraba, da Sallah ta faɗa Laraba sai ta ƙara Alhamis, bankuna da ofisoshi suka yi kwana uku a rufe. Ƙasashe masu bin lissafi sun huta da wannan, amma a wurin masu riƙe da gani, wannan sauƙin bai kai a bar zahirin nassi saboda shi ba.

Shekaru masu zuwa za su ƙara matsa wa tsarin. Ramadan yana ja baya da kwana 11 kowace shekara, yanzu ya shigo lokacin hunturu: a 2027 zai kama a farkon Fabrairu, a 2028 da 2029 a cikin Janairu, a 2030 kuma zai zo sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Wannan ne lokacin da hazo yake rufe ƙasan sama a Kano da Sakkwato da Damagaram, har rana takan dushe ta ɓace tun ba ta kai ga faɗuwa ba, a daidai tsayin da ake neman jinjiri. Kwamitocin za su riƙa samun darare iri biyu: daren da lissafi ya ce wata yana nan zai ganu amma ƙura ta hana kowa ganinsa, da daren da lissafi ya ce babu shi amma waya ta kawo shaida. Na farko hadisi ya riga ya ba da hukuncinsa, a cika 30. Na biyun ne har yanzu Najeriya da Nijar ba su da rubutacciyar ƙa'ida guda da suka haɗu a kanta.